Fuskar Dattijo da Aikin Zuci: Tarihin Ruhubanawan Hamadar Masar

Tsakanin Alƙahira da Iskandariya, yamma da inda Kogin Nil yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku, akwai wani kwari mai tafkunan kanwa da ake kira Wadin Natrun. Tun zamanin Fir'aunoni ake ɗibar kanwa a wurin, da ita ma ake busar da gawa kafin a naɗe ta. Ƙasar wurin ta gangara har ta yi ƙasa da teku, ruwan tafkunan zartsi ne, kuma ba wurin da manomi zai yi sha'awa ba ne. A wajen shekara ta 330 wani ɗan ƙauye mai suna Makariyos, wanda a da yake korar raƙuma masu dakon kanwa, ya shiga kwarin ya zauna shi kaɗai don ibada. Kafin ƙarnin ya ƙare, wurin da ake kira Shihet a lokacin ya cika da ɗakunan masu zuhudu har sai da aka gina majami'u huɗu. Arewa da shi akwai Nitiriya, inda Faladiyos, wanda ya zauna tare da su ya kuma rubuta tarihinsu wajen 420, ya ce ya tarar da mutum kusan 5,000, sai kuma Keliya mai mutum kusan 600. Har yau gidajen ruhubanawa huɗu suna nan da rai a kwarin: na Makariyos, na Bishoy, na Suryan da na Baramus.

A waɗannan wurare ne wata al'ada ta kafu wadda ta bazu cikin Kiristanci duka. Saurayi mai neman gyaran zuciyarsa yakan tashi ya je wurin dattijo, wanda suke kira Abba idan namiji ne, Amma idan mace ce, ya roƙe shi kalma guda da zai rayu a kanta. Dattijon ya ba shi gajeriyar amsa, wani lokaci ma ya yi shiru ya bar shi ya kalli yadda yake zaune da yadda yake aiki. Daga nan sai dattijon ya wuce matsayin malami kawai, ya zama alama: mutum ya dube shi ya ga yadda ƙarshen hanya yake. Ana yawan ɗaukar wannan girmamawa a matsayin kishiyar aikin zuci, a ce wanda ya kafa ido a kan waliyyi ya daina duban kansa. Tarihin hamadar Masar yana nuna wani abu dabam. Mutanen nan sun buƙaci fuskar dattijo ne domin girman ruhu ba ya ganuwa, mai shi ma ba ya iya auna shi da kansa, kuma su ne suka fara gane cewa fuskar nan tana iya zama tarko. Saboda haka suka gina al'adar ta yadda dattijo na gaskiya zai riƙa mayar da almajiri ga zuciyarsa. Duk lokacin da wannan ya lalace, daga cikin labaran dattawan ne aka sake samo maganinsa.

Wanda aka fara mayarwa alama shi ne Antoniyos. An haife shi wajen 251 a ƙauyen Koma da ke tsakiyar Masar, cikin gida mai wadata. Iyayensa suka rasu yana ɗan shekara goma sha takwas zuwa ashirin, suka bar masa gonaki da ƙanwa. Wata rana a majami'a ya ji ana karanta inda Yesu ya umarci saurayi mai dukiya ya sayar da abin da ya mallaka ya ba matalauta, sai ya ɗauka da shi ake. Ya raba gonakin ga mutanen ƙauye, ya danƙa ƙanwarsa a hannun wasu mata masu ibada, ya koma gefen gari yana koyo wurin wani tsoho. Daga nan ya shiga makabarta, daga makabarta ya ƙetare kogi ya kulle kansa a wani kangon sansanin soja kusan shekara ashirin, ana jefa masa gurasa sau biyu a shekara. Atanasiyos, bishop na Iskandariya, wanda ya rubuta tarihinsa jim kaɗan bayan rasuwarsa a 356, ya tsaya sosai a kan ranar da abokansa suka ɓalle ƙofar. Sun zaci za su ga ƙwarangwal ko mahaukaci. Sai ga mutum ya fito bai rame ba, bai yi ƙiba ba, taron jama'a bai firgita shi ba, gaisuwarsu kuma ba ta kumbura shi ba. Abin da marubucin yake nufi a fili yake. Ba wanda ya ga abin da ya gudana a cikin kangon nan, to amma ga sakamakonsa a jikin mutum da fuskarsa, kowa yana iya karantawa. Natsuwar da ido ya gani ita ce shaidar yaƙin da ido bai gani ba.

Littafin ya yi tafiyar da Antoniyos bai taɓa yi ba. Kafin 374 an juya shi zuwa Latin. A Milan, a shekara ta 386, wani jami'in fada ɗan Afirka mai suna Fontisiyanos ya ba Agustin labarin abokan aikinsa biyu da suka tsinci littafin a wata bukka kusa da birnin Tiriya, suka karanta, suka ajiye aikin sarki nan take. Agustin, wanda ya yi shekaru yana jinkiri, ya ji labarin ya ruɗe, ya fita lambu, kuma a ranar ya yanke shawarar da ta sauya rayuwarsa. Yadda shi kansa ya bayyana abin ya cancanci a lura da shi: ya ce yayin da baƙon yake magana, ji ya yi kamar an juyo da shi an tsayar da shi gaban fuskarsa, ya ga munin da ya daɗe yana ɓoye wa kansa. Bai tafi Masar ba, bai nemi kabarin kowa ba. Labarin wani mutum ya tilasta masa duban kansa, kuma aikin da alamar take yi ke nan idan tana aiki daidai.

Akwai suka mai nauyi a nan. Masana tarihi sun nuna cewa Antoniyos na cikin littafin, Atanasiyos ne ya sassaƙa shi don bukatarsa. Bishop ɗin yana gudun hijira a lokacin, yana fama da mabiya Ariyos, yana kuma so ruhubanawa su kasance ƙarƙashin ikon bishop. Sai ga Antoniyos ɗinsa yana sunkuyar da kai ga limamai, yana la'antar Ariyos, kuma bai yi karatu ba amma yana kayar da masana falsafa. Wasiƙu bakwai da ake dangantawa da Antoniyos, waɗanda masanin Suwidin Samuel Rubenson ya yi nazarinsu a littafinsa na 1990, suna nuna mutum mai zurfin tunani wanda ya sha daga koyarwar Orijin. Ba shi ne ma farkon mai zuhudu ba, tunda littafin da kansa ya ce wurin tsoho ya koya. Wata takardar ƙara ta shekara ta 324 daga ƙauyen Karanis ta ambaci wani rahibi mai suna Ishaƙu wanda ya ceci wani manomi daga duka a rigimar saniya da ta shiga gona, wato mutumin farko da takardu suka kira rahibi a tsakiyar ƙauye yake, ba cikin hamada ba. Duk wannan gaskiya ne, kuma bai kamata mai son waɗannan dattawa ya kauce masa ba. Amma abin da sukar ta tabbatar shi ne cewa an zaɓi abin da za a nuna, ba ta tabbatar da cewa babu kowa a bayan hoton ba. Idan aka buɗe wasiƙun, abin da suke maimaitawa shi ne mutum ya san kansa, domin ta nan ne zai san Allah. Ashe mutumin da aka ɗaga don a kalla, shi da bakinsa kiran mutane yake su koma ciki. Atanasiyos ya ƙara masa siyasar Ikilisiya, amma bai ƙirƙiro wannan kira ba, kuma wannan kiran ne ya isa Milan.

Mene ne wannan aiki na ciki? Rayuwar waje mai sauƙin bayani ce. Rahibi yakan yi kwana biyar a ɗakinsa, ɗakunan kuma a Keliya an ware su ta yadda maƙwabci ba ya jin maƙwabci. Yana saƙar igiya da kwando da tabarma daga ganyen dabino yana karanta Zabura da ka, ya ci busasshiyar gurasa da gishiri sau ɗaya bayan rana ta karkata, Asabar da Lahadi a taru a majami'a a ci abinci tare. Wanda ya rubuta abin da ke faruwa a zuci cikin wannan shiru shi ne Ebagiriyos, ɗan ƙasar Fontus, wanda ya yi suna a Kustantiniya wajen iya magana, ya faɗa son matar wani babba, ya gudu, ya ƙare rayuwarsa a Keliya a 399. Ya lissafa tunani takwas masu kai wa mutum hari: zarin ci, sha'awar jiki, son dukiya, baƙin ciki, fushi, ƙosawa, son yabo da girman kai. Ya ce zuwansu ba ya hannun mutum, amma ko za su zauna su yi saiwa, wannan yana hannunsa. Bayaninsa a kan ƙosawa ya isa a gane cewa daga gwaji yake magana. Takan zo da hantsi ta kai har bayan azahar, rana ta tsaya cak kamar ba za ta faɗi ba, rahibi ya riƙa leƙa taga ko wani zai zo, ya tsani wurin da sana'arsa, ya fara raya cewa 'yan'uwa ba sa ƙaunarsa, kuma ai ko'ina ana iya bauta wa Allah. Yohanna Kasiyan, wanda ya zauna tare da dattawan Shihet, ya kai wannan lissafi ƙasar Faransa ta yau a shekarun 420, Fafaroma Giregori Babba kuma ya sake tsara shi ya zama manyan zunubai bakwai da Turai ta sani.

Biyun ƙarshe a lissafin su ne suka sa dattijo ya zama dole. Zarin ci ana ganinsa, fushi ana jinsa, amma son yabo yana cin abinci ne daga nasarar da mutum ya yi a kan sauran. Wanda ya yi azumi ya rinjayi cikinsa, sai ya fara hango jama'a suna tururuwa ƙofarsa, marasa lafiya suna warkewa a hannunsa, ana zuwa a ɗauke shi a naɗa shi firist. Mutum ba ya iya kama wannan shi kaɗai, domin ma'aunin da zai auna da shi, shi ne ya karkace. Kasiyan ya kawo labarin wani tsoho mai suna Heron wanda ya yi shekara hamsin cikin tsananin zuhudu, ko bikin Ista ba ya fitowa ya ci da 'yan'uwa, har wata murya da ya ɗauka ta mala'ika ce ta sa ya faɗa rijiya don ya gwada darajarsa, ya mutu bayan kwana uku bai yarda an ruɗe shi ba. Maganin da suka samo shi ne almajiri ya riƙa buɗe wa dattijo tunaninsa tun bai zama aiki ba, domin sun lura mugun tunani yana raunana da zarar an furta shi gaban wani. Ban da wannan, akwai koyo ta ido. Abba Ishaƙu na Keliya ya ba da labarin cewa ya zauna da dattawa biyu, ba wanda ya taɓa ba shi umarni, sai dai ya ga tsoho ya tashi ya ɗebo ruwa ya shirya abinci da kansa, da aka yi wa tsohon magana ya nuna cewa shi ba shugaba ba ne, in yaron yana so ya yi abin da ya ga ana yi. Haka ɗan koyo yake a maƙera: ba a faɗa masa yawan zugar da ƙarfe yake so, hannun maigidansa yake kallo har nasa hannun ya gane. Haƙuri da tawali'u ma irin wannan ilimi ne, sai an gan su a jikin wani kafin a san suna yiwuwa.

Abin da ya fi burge mai karanta tarin maganganun dattawan, wanda aka haɗa wajen ƙarshen ƙarni na biyar, shi ne yawan labaran da dattijo yake rusa girmansa da hannunsa. Musa Baƙi, wanda bawa ne a da kuma shugaban 'yan fashi kafin ya tuba, ya ji wani hakimi yana tafe don ya gan shi, sai ya fice. Suka yi kiciɓis a hanya, hakimin ya tambaye shi ɗakin Musa, shi kuwa ya ce masa kada ya wahalar da kansa, mutumin wawa ne. Abba Siman da aka ce masa wani babba yana zuwa neman albarka, sai ya zauna bakin ƙofa yana cin gurasa da cuku, baƙon ya raina shi ya juya. Da aka kira Musa zaman hukunta wani ɗan'uwa da ya yi laifi, ya zo da kwando mai huji cike da yashi a bayansa, ya nuna musu cewa nasa zunuban suna zuba a baya bai gani ba, ga shi an kira shi ya hukunta wani. Antoniyos kansa, an ce an sanar da shi cewa akwai wani likita a birni da ya kai shi daraja, mutum mai sana'a da yake ba mabukata abin da ya rage masa. Amma Sinkiletika, ɗaya daga cikin mata uku da tarin ya adana maganarsu, ta koyar cewa ana iya zama kan dutse zuciya tana kasuwa, ana kuma iya zama cikin taro zuciya tana kaɗaice. Kasiyan ya ƙara da gargaɗi cewa furfura ba hujja ba ce, ya kawo labarin tsohon da wani saurayi ya buɗe masa sirrin sha'awarsa, ya yi masa tsawa har yaron ya yanke ƙauna ya kama hanyar gari, sai da Abba Afolo ya tare shi ya lallashe shi. Almajirai ne suka adana waɗannan labarai, su da suka fi kowa girmama dattawan. Da burinsu a bauta wa mutum ne, da ba su ajiye labarin da ke cewa wani likitan birni ya kai uban ruhubanawa ba.

A shekara ta 399 tambayar sura da zuci ta fashe ta zama rikici. Tiyofilos, bishop na Iskandariya, ya aika wasiƙar Ista yana cewa Allah ba shi da siffar jiki, kuma kuskure ne a riƙa ƙiyasta shi da surar mutum a lokacin addu'a. Yawancin ruhubanawan Shihet suka ƙi, cikin limaman majami'u huɗu ɗaya ne kawai, Fafnutiyos, ya yarda a karanta ta. Kasiyan yana wurin, kuma ya ba da labarin wani tsoho mai suna Sarafiyon, mutumin kirki da ya daɗe cikin ibada, wanda aka yi ta yi wa bayani har ya gamsu. Da aka tashi addu'a sai ya faɗi ƙasa yana kuka, yana cewa an ɗauke masa Ubangijinsa, bai san wanda zai riƙe ba. Ban ga dalilin raina wannan tsoho ba, kuma Kasiyan bai raina shi ba. Kukansa yana nuna irin tsadar da ke cikin sakin surar da mutum ya dogara da ita shekara da shekaru, ko da surar ta yi wa abin da take nunawa kaɗan. Amsar da Abba Ishaƙu na Shihet ya ba Kasiyan bayan wannan ita ce a riƙe ayar farko ta Zabura ta 70, ta neman agajin Allah, a yi ta maimaita ta a kowane hali har zuciya ta saba tsayawa gaban Allah ba tare da ta zana komai ba. Wato ba a bar mai rauni hannu wofi ba, an ba shi abin riƙo mafi sauƙi wanda zai kai shi gaba. Sai dai rikicin bai ƙare da kyau ba. Da ruhubanawa suka yi dafifi zuwa Iskandariya cikin fushi, Tiyofilos ya juya baya, a shekara ta 400 ya kori almajiran Ebagiriyos daga Nitiriya. A 553 aka la'anci wasu koyarwar Ebagiriyos, littattafansa da yawa suka rayu a ƙarƙashin sunayen wasu ko cikin fassarar Suryanci da Armeniyanci.

Wannan ya kawo suka ta biyu, wadda ta fi ta farko zafi: cewa darajar waliyyi iko ce, iko kuwa yana ɓata mai shi ko da sanye yake da tsumma. Tun a shekarun 370 sarki Balens ya yi doka a kamo masu gudun aikin gari da suke fakewa cikin ruhubanawan Masar. A 390 sarki Tiyodosiyos ya hana ruhubanawa zama a birane, ko da yake ya janye dokar bayan shekara biyu. Wajen 414 ruhubanawa kusan 500 daga Nitiriya suka shiga Iskandariya suka tare gwamna Orestes, ɗayansu ya fasa masa kai da dutse, kuma cikin wannan yanayin ne wasu gungun Kiristoci suka kashe malamar falsafa Haifatiya a 415. Shanuda, shugaban Farin Gida kusa da Sohag, ya ciyar da dubban 'yan gudun hijira wata uku a lokacin wani hari, amma rubuce-rubucensa da kansa suna nuna yana sa a yi wa ruhubanawa bulala, maza da mata. Ba za a wanke wannan da cewa ai 'yan kaɗan ne ba. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne, ma'aunin da muke kama su da shi nasu ne. Su ne suka rubuta cewa fushi yana makantar da mai addu'a, su ne suka adana labarin kwandon yashi. Lokacin da Mazikawa suka kai hari Shihet wajen 407, Musa Baƙi, wanda ya san takobi fiye da kowa a wurin, ya ƙi gudu ya kuma ƙi faɗa, aka kashe shi tare da wasu 'yan'uwa. Rahibin da ya jefi gwamna da wanda ya zauna ya jira mutuwa tufafinsu ɗaya, kuma al'adar ta san wanne za ta koya wa yara. Game da gudun nauyi kuwa, Fakomiyos, tsohon sojan tilas da kyautar abincin Kiristoci a kurkuku ta jawo shi, ya bar gidaje tara na maza da biyu na mata lokacin da annoba ta kashe shi a 346, gidajen da ke noma da saƙa da tuƙa jiragen ruwa, kuma dokarsu ta wajabta wa duk mai shiga ya koyi karatu.

Labarin gawar Antoniyos ya tattara duka matsalar. A zamaninsa wasu Masarawa sukan naɗe gawar shahidi su ajiye ta a gida kan gado maimakon binnewa, shi kuwa ya ƙi wannan ƙwarai. Da ajali ya matso, ya umarci almajiransa biyu su binne shi a inda ba wanda zai sani, ya bar wa Atanasiyos fatar tunkiya ɗaya da tsohon mayafi, ya bar wa wani bishop mai suna Sarafiyon ɗaya fatar. Bayan shekara ɗari biyu, a zamanin sarki Jastiniyan, aka ce an gano ƙasusuwansa aka kai Iskandariya, daga nan Kustantiniya, a ƙarni na goma sha ɗaya kuma aka ce sun isa kudu maso gabashin Faransa. Kibɗawa dai, wato Kiristocin Masar, suna riƙe da cewa yana nan a dutsensa kusa da Bahar Maliya. A Faransa wata ƙungiya ta taso da sunansa tana jinyar masu wata cuta mai ƙuna da ruɓar gaɓoɓi, wadda gurɓataccen hatsi ke jawowa, har aka sa wa cutar suna wutar Antoniyos. Jinyar alheri ce ta gaske, amma mutumin da ya roƙi a ɓoye kabarinsa ya koma sunan da ake kira don kare alade da dabbobin gida, kuma wasiƙunsa ba su cikin abin da talaka ya sani game da shi. A kan irin wannan ne Martin Luther ya tashi. Abin lura shi ne, a littafin da ya rubuta a 1521 yana rusa alwashin ruhubanci, ya ware Antoniyos ya yabe shi a matsayin wanda ya zauna hamada da zaɓin kansa bisa Linjila, a 1544 kuma ya rubuta gabatarwa ga wani zaɓaɓɓen tarin tarihin dattawan hamada da almajirinsa ya buga. Wanda ya yi fice wajen sukar bautar tsarkaka bai iya yin gyaransa ba sai da ya ɗauko ɗaya daga cikinsu ya kafa hujja da shi.

Wani allon katako da aka tono a Bawit a farkon ƙarni na ashirin, wanda yake gidan tarihi na Louvre a Faris, yana nuna yadda ruhubanawan Masar suka fahimci matsayin shugabansu. An zana Almasihu tsaye kusa da Abba Mina, shugaban gidan, tsayinsu kusan ɗaya, dukansu suna fuskantar mai kallo. Almasihu yana riƙe da Linjila a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuwa ya ɗora shi a kafaɗar dattijon. Rahibin da ya tsaya gaban allon yana ganin mutumin da aka san sunansa da muƙaminsa a gidan, yana kuma ganin cewa darajar mutumin daga hannun da ke kafaɗarsa take.

Wadin Natrun ya yi ƙarnoni yana raguwa. A 1969, lokacin da Fafaroman Kibɗawa Kirilos na Shida ya tura Matta al-Miskin gidan Makariyos, tsofaffi shida kawai ya tarar cikin gine-ginen da ke rushewa. Matta mai haɗa magunguna ne da ya sayar da shagonsa a 1948, ya yi shekaru a kogunan Wadin Rayan, kuma littafinsa a kan rayuwar addu'a, wanda ya cika da maganganun dattawan farko, ya jawo likitoci da injiniyoyi suka bar aiki suka bi shi. Kafin rasuwarsa a 2006 ruhubanawan gidan sun haura ɗari. Amma hanyar mota ta iso kwarin, maziyarta suka yawaita, hotunan ruhubanawa suka shiga shaguna da wayoyi, wasunsu suka tara mabiya a intanet. Ranar 29 ga Yuli 2018 aka tsinci gawar shugaban gidan, bishop Abifaniyos, almajirin Matta kuma masanin tsofaffin rubuce-rubuce, a hanyarsa ta zuwa addu'ar asuba, kotu kuma ta kama ruhubanawa biyu na gidan da laifin kisan. Cikin 'yan kwanaki Fafaroma Tawadros na Biyu, wanda shi ma rahibin kwarin ne daga gidan Bishoy, ya dakatar da karɓar sababbin ruhubanawa na shekara guda a duk gidajen Kibɗawa na Masar, ya hana su fitowa a kafafen yaɗa labarai, ya ba su wata ɗaya su rufe shafukansu na sada zumunta, shi ma ya rufe nasa shafin na Facebook.